WUTAR NUKILIYA: MU ZAUNA MU YI LISSAFI TUKUNA

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2024, yawancin jihohin Arewa sun zauna cikin duhu fiye da mako guda. Tun kafin lokacin an riga an lalata babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sai aka jingina da layin da ya taso daga Inugu ya bi ta Makurdi zuwa Jos. Da shi ma ya sami matsala, sai komai ya tsaya cak. Masu injin niƙa, masu walda, teloli da masu sayar da ƙanƙara duk suka naɗe hannu, asibitoci kuma suka koma ga janareto. A cikin wannan shekara ɗaya, babban layin wuta na ƙasa ya faɗi fiye da sau goma.

Wannan ya zo ne a kan wani nauyi da talaka ya riga ya ɗauka. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga waɗanda ake kira rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, wato fiye da ninki uku na kuɗin da suke biya a dā. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan maganar makamashin nukiliya ta fita daga ofisoshin Abuja ta shigo bakin jama'a, har ana tattauna ta a harabar majami'u bayan an tashi daga sujada.

Wanda ya saurari irin wannan hira zai ji ra'ayi iri uku. Akwai masu cewa nukiliya bam ce, kada ma a kusance ta. Akwai masu cewa tun da Faransa da Amurka suna morar ta, a kawo mana kawai mu huta da wannan wahala. Akwai kuma waɗanda suka gaji, masu cewa duk zancen 'yan siyasa ne, wata sabuwar hanya ce ta cin kuɗi. Kowane ɗayansu yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Abin da muke so mu yi a wannan fili shi ne mu haɗa waɗannan yankuna wuri ɗaya, domin mai bi ya san abin da yake goyon baya ko yake ƙi, ya kuma san dalilinsa.

Yadda abin yake aiki

Tashar nukiliya, idan aka cire manyan kalmomi, tukunya ce ta tafasa ruwa. A maimakon itace ko gawayi ko gas, ana amfani da wani ma'adini da ake kira yuraniyom. Idan aka sa ƙwayoyinsa na can ciki suka riƙa tsagewa, sai su fitar da zafi mai tsananin gaske. Zafin ya tafasa ruwa, suracin ruwan ya juya manyan injuna, injunan su ba da wutar lantarki. Ɗan curin man nukiliya da bai wuce kan ɗan yatsa ba yana iya ba da zafin da kusan tan ɗaya na kwal zai bayar, kuma ba ya fitar da hayaƙi.

Yuraniyom ɗin da ake sa wa tashar wuta ba irin na bam ba ne, domin na bam sai an tace shi ƙwarai da gaske. Tashar wuta ba za ta fashe kamar bam ba. Haɗarinta na wani wuri ne dabam. Na farko, man yana fitar da wani irin tururi mai guba wanda ido ba ya gani, hanci kuma ba ya jin warinsa, amma yana iya ƙona jiki ko ya jawo ciwon daji. Na biyu, ko an kashe tukunyar, man da ke ciki yana ci gaba da zafi, dole a yi ta zagaya masa ruwa ba dare ba rana. Masu karatu su riƙe wannan na biyun, domin za mu komo gare shi.

Ba baƙon zance ba ne a ƙasar nan

Matasa da yawa ba su san cewa ɗaya daga cikin manyan matakan farko da Nijeriya ta ɗauka a idon duniya a kan nukiliya ya kasance ba. Faransa ta fara gwajin bam ɗinta a hamadar Sahara ta ƙasar Aljeriya a watan Fabrairu na 1960. Da ta ƙi dainawa, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa ta yanke hulɗa da ita a watan Janairu na 1961. Ashe tsoron da dattawanmu ke nunawa yana da tushe.

A 1976 aka kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya bisa doka, amma ba ta fara aiki sosai ba sai 2006, wato bayan shekara talatin. A 2004 kuwa aka kunna wata 'yar ƙaramar tukunya ta bincike, ƙirar ƙasar Sin, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne kacal, ba ta ba kowa wuta; ana amfani da ita wajen koyar da ɗalibai da gwajin ƙasa da duwatsu da abinci. A 2018 aka canza mata mai zuwa wanda ba za a iya yin makami da shi ba, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. 'Ya'yan ƙasar nan ne suka riƙe wannan tukunya shekara da shekaru, kuma ya kamata a yaba musu. Wannan ya nuna ba basira muka rasa ba.

Game da babbar tashar wuta, an ambaci wurare biyu, Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom, kuma a 2017 aka sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na ƙasar Rasha. Takardu sun yi yawa, amma ba a aza harsashin ko ɗaya ba.

Inda masu goyon baya suke da gaskiya

Adalci ne mu faɗi amfanin abin. Tashar nukiliya tana aiki dare da rana, rani da damina, ba ta jiran ruwa ya cika madatsa kamar Kainji, ba ta jiran rana ta fito. Faransa tana samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara gina tasharta a 2012, zuwa 2024 tukwanenta huɗu duk suna aiki, suna ba ta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da take sha. Kuma idan ana maganar rayuka, hayaƙin janareto da ke kashe iyali guda cikin dare ɗaya a garuruwanmu, da hayaƙin itacen da iyayenmu mata ke shaƙa a madafa, su ma kisa suke yi, sai dai ba a buga su a kanun labaran duniya. Allah ne ya sa wannan ƙarfi cikin dutse, kamar yadda ya sa shi cikin ruwa da rana. Mai bi ba shi da dalilin kiran halittar Allah aikin Shaiɗan. Da irin wannan ilimi ne ma ake gasa ciwon daji a manyan asibitocinmu.

To, sai lissafi

A cikin Bisharar Luka sura 14, Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya. Mai hankali yakan fara ƙididdige abin da aikin zai ci, don kada ginin ya tsaya a rabi ya zama abin dariya ga masu wucewa. Bari mu bi wannan shawara.

Lissafi na farko na kuɗi ne. Masar ta fara gina tasharta a Daba'a a 2022, tukwane huɗu, kowace mai megawat 1,200. Domin wannan aiki ta karɓi rancen dala biliyan 25 daga Rasha. Wanda ya ba ka rance, ya gina maka tasha, ya kuma riƙa sayar maka da manta, ya riƙe maka wuya na shekaru masu yawa. Bashi ne da jikokinmu za su biya.

Na biyu na lokaci ne. Ƙasar Finlan, wadda ba ta rasa kuɗi ko ƙwararru ba, ta fara gina wata tukunya a 2005, ba ta fara cin moriyarta sosai ba sai 2023. Mu kuwa muna da namu tarihin. Madatsar Mambila a Jihar Taraba, wadda aka ce za ta ba da megawat 3,050, an fi shekara arba'in ana zancenta. An ba da kwangila a 2017, shari'a ta sarƙe ta. Kamfanin ƙarafa na Ajakuta ma shaida ne. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma shi ne ba a cika faɗa wa jama'a ba. Ƙa'idar da masana suka saba bi ita ce, kada tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 cikin 100 na dukan wutar da ke bin layin ƙasa, domin idan ta tsaya ba zato kada ta ja kowa ƙasa. Wutar da ke isa ga jama'ar Nijeriya ta daɗe tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Tukunya ɗaya irin ta Masar za ta zama kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Bugu da ƙari, ita kanta tashar tana bukatar wuta daga waje domin famfunan da ke sanyaya ta. Abin da ya faru a Fukushima ta ƙasar Japan a watan Maris na 2011 ke nan: girgizar ƙasa ta katse wutar waje, igiyar teku ta cinye janaretocin ko-ta-kwana, ruwan sanyaya ya tsaya, tukwane uku suka narke, aka kwashe mutane fiye da 100,000 daga gidajensu. Ashe tashar nukiliya ba ta gyara layin da ke faɗuwa, ita ce ma ke bukatar a gyara mata shi tukuna. Afirka ta Kudu tana da tasha tun 1984, amma wannan bai hana ta shan ɗauke wuta mai tsanani a 2023 ba, domin an bar sauran tashoshinta na kwal sun lalace.

Na huɗu shi ne shara. Man da aka gama amfani da shi yana riƙe da gubarsa dubban shekaru. Finlan ta haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin dutse domin binne nata. Jamus kuwa ta rufe tashoshinta uku na ƙarshe a watan Afrilu na 2023, amma sharar tana nan tana jiran wurin ajiya na dindindin.

Gani ga wane

Ba sai mun je Charnobil ba, inda a watan Afrilu na 1986 sakaci da ɓoye gaskiya suka sa aka kwashe gari guda aka killace kilomita 30 kewaye da tashar. Muna da darasi kusa da gida.

A garin Arlit na Jamhuriyar Nijar ana haƙar yuraniyom tun 1971. Shekara da shekaru wannan ma'adini yana haskaka biranen Turai, alhali kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a Nijar, kuma a wancan lokaci mafi yawan wutar ma daga Nijeriya ake sayo ta. Shi ya sa da aka katse mata layi a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki, 'yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram suka ji jiki. Da aka rufe ɗaya daga cikin manyan mahaƙun a 2021, an bar miliyoyin tan na tarkace mai tururi a kusa da garin. A 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe mahaƙar da ta rage daga hannun kamfanin Orano na Faransa, amma ko wane ne ya mallaki ramin, tarkacen yana nan tare da mutanen Arlit.

Mutanen Filato sun san irin wannan labari. Kamfanonin kuza sun kwashe arziki sun tafi, sun bar kududdufai masu cin mutane da dabbobi, da tsibin yashi wanda masana suka tabbatar wani daga cikinsa yana fitar da irin wannan tururi. A Zamfara kuma, a 2010, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400, saboda ana daka duwatsun a cikin gidaje ba wanda ya gargaɗe su.

Ga wani labari da ya kamata a karanta wa matasanmu masu sana'ar gwangwan. A 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu masu tsintar ƙarafa suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka ɗauko wani sashe na injin gasa ciwon daji, suka fasa. Suka ga wani gari mai sheƙi a ciki, aka yi ta rabawa 'yan'uwa da maƙwabta suna sha'awa. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, kuma sai da aka gwada mutane fiye da 100,000. A ƙasar da ake sare wayar wuta da dare, ake kwance ƙarfen turakun lantarki ana sayarwa a kilo, wannan labari ba na nesa ba ne.

Duk waɗannan misalai abu ɗaya suke faɗa. Ma'adinin bai yi laifi ba. Mutum ne aka ba amana ya ci riba ya bar ɓarna. Littafin Farawa ya nuna mana cewa aiki biyu aka ba Adamu a gonar Adnin, nomanta da kuma kiyaye ta. Mu mun iya na farko, na biyun ne ke ba mu wuya.

Abin da za mu tambayi shugabanni

A ganinmu, bai kamata Nijeriya ta rufe ƙofar nukiliya ba, bai kuma kamata ta ci bashin gina babbar tasha yanzu ba. A ci gaba da ba cibiyar Zariya kuɗi, a horar da matasa, a ƙarfafa hukumar da ke sa ido a kan kayan nukiliya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Amma kuɗi mai yawa ya tafi inda zai ba da wuta da wuri: ƙarin manyan layuka zuwa Arewa domin kada yanki guda ya rataya a kan waya ɗaya, gyaran tashoshin gas da ke zaune ba aiki, da madatsun ruwa, da hasken rana wanda Allah ya ba Arewa a yalwace. Tun wajen 1930 kamfanin NESCO ke ba wani sashen Filato wuta daga ƙananan madatsu irin ta Kurra. Ƙaramin abu da aka kula da shi ya fi babban da aka yi bikin buɗewa aka manta.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon shirya nasu harkar wuta. Saboda haka gwamna ko ɗan majalisa ba zai ƙara fakewa da Abuja kaɗai ba. Idan mai neman ƙuri'a ya zo majami'a, kada mu tsaya ga buhun siminti da ya kawo. Dattawa su tambaye shi: megawat nawa jiharmu ke samu? Wane asibiti ne za ka sa wa wutar rana, kuma a wace shekara? Yaushe za a ba kowa mita a daina bil na ƙiyasi? Idan ya ambaci nukiliya, a tambaye shi wa zai ba da rancen, a ina za a zuba sharar, an kuma shawarci mutanen wurin ko ba a shawarce su ba.

Namu zaɓin a gida da ikkilisiya

Ba daidai ba ne mu nemi riƙon amana daga gwamnati alhali mu ba ma riƙewa. Mai bi da ke jona waya ta bayan mita, ko yake ba ma'aikaci na goro don a share masa bashi, yana cikin masu kashe taransifomar unguwarsu. Wanda ya sayi wayar da ya san ta sata ce, shi da ɓarawon duk ɗaya. Sata ba ta canza suna don an yi wa kamfani.

Game da saye kuwa, araha ba ta ado. Farashin farantan hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a cikin shekaru goma bayan 2010, shi ya sa suka cika kasuwanninmu, amma tare da su jabu ma suka cika. Kafin iyali su saya, su fara ƙirga abin da za su kunna da awa nawa, su nemi ƙwararren mai haɗawa, su karɓi takardar garanti. Batir shi ne ya fi tsada kuma shi ke fara mutuwa, don haka a tanadi kuɗin canza shi tun daga ranar farko. Sau da yawa mataccen batir yana ɗauke da dalma, irin gubar nan ta Zamfara. Kada a bar yara su fasa shi, a mayar wa masu karɓa. Janareto kuma kada ya kwana a ɗaki ko a zaure ko kusa da taga, komai tsoron ɓarayi.

Muna ba majalisun dattawa shawara su ɗauko littafin ma'aji su haɗa abin da man janareto ya ci cikin shekara guda. Da yawa za su tarar baikon da ya kamata ya je ga gwauraye da marayu da masu bishara na ƙauye, hayaƙi ya zama. Ikkilisiyar da ta sa wutar rana mai kyau tana iya kunna famfon rijiyar burtsatse, ta ajiye alluran rigakafi a firjin ƙaramin asibitinta, ta buɗe aji da dare domin ɗalibai su yi karatu, Kirista da Musulmi baki ɗaya, gama duhu bai san addinin kowa ba. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa, waɗanda suka saba da adashi, za su iya jagorantar wannan. Makarantunmu na koyon sana'a kuma su ƙara haɗa wutar rana cikin abin da suke koyarwa.

Ubangiji ya koya mana cewa da ƙaramar amana ake gane wanda za a ba babba. Ran da muka ga an shekara babban layin ƙasa bai faɗi ba, an kammala Mambila, an daina satar waya, an share tarkacen kuza, to a ranar za mu iya zama mu yi maganar tashar nukiliya da gaba gaɗi. Kafin nan, kowa ya gyara abin da ke hannunsa. Allah ya ba shugabanninmu hikima da tsoronsa, mu kuma ya ba mu aminci cikin abin da ya danƙa mana. Amin.